Daga Majigi Zuwa Wayar Hannu: Wa Zai Biya Kuɗin Shirin Talabijin na Yaranmu Ƙanana?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a bi ni a hankali.

Abin da ya tayar da shi wani labari ne daga Amurka da bai yi amo sosai a wajenmu ba. A watan Yulin 2025 majalisar dokokin ƙasar ta janye kimanin dala biliyan 1.1 da aka riga aka ware wa CPB, hukumar da ke raba kuɗin gwamnati ga gidajen rediyo da talabijin na jama'a. Ranar 1 ga Agusta hukumar ta ba da sanarwar za ta naɗe tabarmarta, bayan shekara 58 tana aiki. A cikin watan Yulin nan ne kuma aka rufe hukumar USAID. Wani zai ce to ina ruwan biri da gada, me ya haɗa mutumin Kiru ko Doguwa da rigimar kasafin kuɗin Amurka? Ai kuwa da ruwanmu. Ɗaya daga cikin 'yan shirye-shiryen talabijin da aka taɓa tsarawa musamman don ƙananan yaran Najeriya, har aka mayar da shi Hausa, da kuɗin USAID aka fara shi. Yanzu mai ba da rancen tabarma ya naɗe abarsa. Saura mu tambayi kanmu ina tamu take.

Bari mu koma baya, don wannan magana ta girmi yawancinmu.

Kafin talabijin akwai majigi. Tun zamanin Turawa, musamman bayan kafa sashen fim na mulkin mallaka a 1939, ake loda injin haska hoto da janareta a mota a bi gari-gari. A kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi ko dagaci bayan sallar isha'i, mai fassara ya riƙe lasifika yana bayani da Hausa. Gwamnatin Jihar Arewa ta gaji wannan tsari ta faɗaɗa shi. Ana nuna tsaftar rijiya, rigakafi, noman auduga da gyaɗa. Dattawanmu har yau suna tuna fim ɗin Baban Larai. A cikin birnin Kano kuwa tun 1944 aka fara rediyo mai waya, ana ja wa mutum akwati gidansa, ana kuma kafa lasifika a wuraren taruwar jama'a. A shekarun 1950 aka zo da Yaƙi da Jahilci, aka kafa hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai masu araha. Turawa suna da manufarsu ta mulki a cikin wannan duka, babu mai musun haka. Amma an kafa wata al'ada da ta zauna: hukuma ce ke ɗaukar nauyin kai ilimi har inda mutum yake, da hoto da murya, ba tare da ya biya ko kwabo ba. Sai dai manya ake nufi da majigi. Yara suna cika gaban ƙyalle, amma babu wanda ya zauna ya yi tunanin abin da ɗan shekara huɗu zai ɗauka.

Talabijin ya shigo Najeriya ranar 31 ga Oktoba 1959, lokacin da gwamnatin Awolowo ta buɗe WNTV a Ibadan. Babbar hujjar da aka kafa wa majalisa da jama'a don a kashe wannan kuɗi ita ce ilimi: malamai ba su isa ba, akwatin zai taimaka. Gabas ta buɗe tata a Inugu a 1960. Arewa ta biyo baya a watan Maris na 1962, zamanin Sardauna, da gidan rediyo da talabijin na Kaduna ƙarƙashin kamfanin BCNN, da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila guda biyu, Granada da EMI. Ma'aikatar ilimi ta Arewa tana da sashen watsa darussa ga makarantu a Kaduna, kuma daga irin wannan aiki ne aka kafa Cibiyar Fasahar Ilimi ta Ƙasa a can Kaduna a 1977. Niyya kam an yi ta. Matsalar ita ce hoton talabijin ba ya tafiya kamar muryar rediyo. Rediyon Kaduna ana jin sa har ƙasashen maƙwabta, amma hoton bai wuce manyan birane da kewayensu ba, sannan yana buƙatar wutar lantarki da akwati mai tsada. Yaron Rantan ko na Yaryasa ko na Burji a wancan zamani bai ma san ana yi ba.

Wanda ya fi kowa nisa a wannan gwaji a yankinmu maƙwabciyarmu ce, Nijar, kuma abin mamaki ba mu cika ba da labarin ba. A 1964, da tallafin Faransa, aka fara talabijin ɗin makaranta a Yamai. An fara da 'yan azuzuwa na gwaji, aka faɗaɗa zuwa makarantu kusan ashirin a kewayen Yamai, yara kimanin 800. Dabarar ita ce ƙasar ba ta da ƙwararrun malamai, don haka aka ɗauko matasa masu takardar firamare, aka ba su gajeren horo, aka sa su kula da aji. Darasi yana zuwa ta akwati, gajere, bai kai minti goma sha biyar ba, sau da yawa a rana, da wasan kwaikwayo da zane da waƙa. Idan ya ƙare mai kula da aji ya ci gaba da yara a kan abin da suka gani. Masana daga ƙasashe suka riƙa zuwa kallo, domin yaran ba sa gudun makaranta kuma suna kama Faransanci da wuri. Kuma ku ji wannan: tun 1968 aka gwada kunna talabijin ɗin makaranta da hasken rana a Nijar, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 makarantu sama da ɗari suna cikin tsarin. Sola ɗin da muke gani kamar sabon abu, jikokin waɗancan yara ne ke amfani da shi yau.

To me ya kashe shi? Abu uku. An gina shi a gefe guda, ba a cikin jinin ma'aikatar ilimi ba, don haka malamai da sufetoci da yawa suna kallon sa a matsayin baƙo. Da Faransanci ake yin sa, harshen da ba a yi a gidajen yaran. Sannan kuɗi da ƙwararru daga waje suke, da Faransawa suka janye a farkon shekarun 1970 nauyin ya yi wa gwamnati yawa. Zuwa 1979 kayan aikin da ma'aikatan suka koma gidan talabijin na ƙasa, Télé Sahel. Kwaddibuwa ta kwaikwayi tsarin da girma fiye da haka daga 1971, cibiyarsa a Buwake, ya kai ga dubban ɗaruruwan yara, amma shi ma aka rufe shi a farkon shekarun 1980 saboda tsada da ƙorafin iyaye da malamai cewa yara sun iya magana amma rubutunsu ya yi rauni. Darasin a fili yake. Duk inda aka sa akwati ya maye gurbin malami, ko aka jingina shi da aljihun baƙo, ƙarshensa rufewa.

A daidai wannan lokaci Amurkawa suka bi wata hanya daban. Wata mata mai shirya shirye-shirye, Joan Ganz Cooney, da wani masanin halayyar ɗan'adam, Lloyd Morrisett, suka lura cewa ƙananan yara suna haddace waƙoƙin talla a talabijin tun ba su shiga makaranta ba. Suka ce in dai akwatin zai iya cusa wa yaro sunan sabulu, ai zai iya cusa masa baƙaƙe da lambobi. Aka tara kimanin dala miliyan 8 daga ofishin ilimi na gwamnatin tarayya da gidauniyoyin Carnegie da Ford, aka haɗa masu wasa da 'yan tsana da malamai da masu bincike a ɗaki ɗaya. Kowane yanki na shirin sai an gwada shi a gaban yara an ga inda hankalinsu ke tsayawa da inda yake tashi. Ranar 10 ga Nuwamba 1969 aka fara nuna Sesame Street, kuma 'ya'yan talakawan birni aka fi nufi da shi, waɗanda ke shiga aji ɗaya a bayan 'ya'yan masu hali. A shekarar ne kuma, a watan Mayu, Fred Rogers, wani mai shirin yara, ya zauna gaban kwamitin majalisar dattawa ya kare dala miliyan 20 da gwamnatin Nixon ke son rabawa biyu. Ashe ko a can rigimar wa zai biya tsohuwa ce.

Akwai wani bincike a kan wannan shiri da ya kamata duk ɗan Kano ta Kudu ya sani, don ya taɓa mu kai tsaye. Lokacin da aka fara shirin, a wasu garuruwan Amurka tashar da ke nuna shi tana kan zangon VHF, mai ƙarfi, kowane akwati na kamawa. A wasu kuma tana kan UHF, wanda ba ya nisa kuma tsofaffin akwatuna ba sa kama shi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'a ba sa samun shirin sosai. Shekaru da yawa bayan haka masana tattalin arziki biyu, Melissa Kearney da Phillip Levine, suka bi bayanan ƙidayar jama'a suka kwatanta yaran ɓangarorin biyu. Suka gano cewa yaran da ke inda hoto ke isa sun fi kasancewa a ajin da ya dace da shekarunsu, ba su cika maimaita aji ba, kuma amfanin ya fi fitowa ga yara maza da na yankunan talakawa. Wani nazarin na 2013 da ya tattara bincike 24 daga ƙasashe 15, yara sama da dubu goma, shi ma ya nuna masu kallon ire-iren shirin suna gaba a sanin baƙaƙe, lissafi da kiwon lafiya. Wato inda eriya ke kamawa da inda ba ta kamawa yana iya zama bambancin yaron da ya wuce aji da wanda ya maimaita.

Yanzu mu dawo gida Kano. Gwamnatin soja ta haɗe dukkan gidajen talabijin ƙarƙashin NTA a 1977, shekara guda bayan ƙaddamar da UPE a 1976, lokacin da aka kwararo yara makaranta babu isassun malamai. Tsarin mulkin 1979 ya sake ba jihohi damar buɗe nasu, amma a kan zangon UHF. Marigayi Muhammadu Abubakar Rimi, wanda gwamnatinsa ta PRP ba ta ga maciji da NPN mai riƙe da NTA, ya kafa jaridar Triumph, ya kafa CTV a kan tasha ta 67 a farkon shekarun 1980. Ita ce aka mayar ARTV bayan rasuwarsa a 2010. Gwamnatin ce kuma ta kafa Hukumar Ilimin Manya a 1980, wadda har UNESCO ta ba ta lambar yabo. Siyasa ce ta haifi CTV, gaskiya ne, amma an haife ta a zamanin da gwamnati ke ganin wayar da kan talaka aikinta ne.

Sai dai ku duba taswira. Daga birni zuwa Riruwai ya haura kilomita 130 ko da a miƙe aka auna, ga dajin Falgore, ga duwatsu. Bebeji da Kiru da ke kusa ana iya kamawa idan an ɗaga eriya a kan dogon gora. Da ka nausa Tudun Wada zuwa Doguwa sai hoto ya koma yayyafi. Mu da muka taso a ƙarshen shekarun 1980 mun san yadda abin yake: akwati ɗaya baƙi da fari a unguwa, batirin mota da ake kaiwa caji, tasha ba ta buɗewa sai ƙarfe huɗu na yamma, wani yaro a waje yana juya gora ana yi masa ihu "ya yi, ya yi, tsaya nan!" Ruwan Tiga da Audu Bako ya tare a ƙasar Bebeji tsakanin 1971 da 1974 yana shayar da gonakin Kadawa da birnin Kano, amma garuruwa da yawa da ke kewaye da shi a duhu suke kwana. Irin rabon da binciken Amurka ya auna, mu a jikinmu muka ji shi.

Ko a inda hoton ke isa, me yaro ke samu? Wasannin manya sun yi tashe ƙwarai: Samanja, Karkuzu, Kuliya, Golobo. NTA Kaduna ta mayar da Magana Jari Ce wasan talabijin. A 1984 aka fara Tales by Moonlight, tatsuniya ga yara amma da Turanci. Ana kuma nuna Sesame Street na Amurka yadda yake, yaranmu suna dariyar 'yan tsanan ba tare da sun ji abin da suke faɗa ba. Shirin yara na Hausa yawanci a tara 'yan makarantar birni ne a ɗakin ɗaukar hoto, a yi waƙa da kacici-kacici da gaishe-gaishe. Yana da daɗi, kuma waɗanda suka yi shi sun yi ƙoƙari da ɗan abin da ke hannunsu. Amma wannan daban yake da shirin da aka zauna aka tsara cewa a makon nan yaro zai san harafin "b" da lamba uku, kuma za a je a gwada ko ya sani.

Daga 1986, da SAP ta zo, aka ce gidajen watsa labarai na gwamnati su nemi kuɗin kansu. A 1992 aka yi dokar da ta buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu. Tun daga nan lokacin tasha ya zama haja. Mai maganin gargajiya zai sayi awa ɗaya, ɗan siyasa zai sayi awa biyu, mai biki zai sayi rabin awa. To ɗan shekara huɗu da me zai saya? Ba shi da kuɗi, ba shi da ƙuri'a, ba ya sayen abin da ake talla. Haka abin ya kasance a Kannywood, wadda ta taso daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, aka fara da Turmin Danya a 1990. Masana'antar ta yi dubban fina-finai, kuma ba laifinta ba ne da ta bi inda kasuwa take, soyayya da barkwanci. Shirin koyar da ƙananan yara yana da tsadar yi, don sai da malami da marubuci da mai zane da mai bincike, kuma ba ya dawo da kuɗi. Amfaninsa sai bayan shekara goma ake gani, a jikin al'umma baki ɗaya, ba a aljihun wanda ya zuba jari ba. Irin wannan aiki, kamar rigakafi ne ko titin karkara: in baitulmali bai yi ba, babu mai yi.

Shi ya sa giɓin ya koma hannun baƙi. A watan Mayun 2011 NTA ta fara nuna Sesame Square, wanda aka yi a Najeriya da kuɗin USAID, da 'yan tsana biyu, Kami da Zobi mai son doya. Daga baya aka samu na Hausa, Dandalin Sesame. Ƙungiyar Ubongo ta Tanzaniya ita ma ta juya katun ɗinta na koyon karatu zuwa Hausa. Arewa24 da aka buɗe a 2014, da tallafin gwamnatin Amurka ta fara. Hukumar Ilimin Makiyaya da ke Kaduna ta daɗe tana shirin Don Makiyaya a Ruga a Rediyon Kaduna, wanda ya nuna cewa hukumar gida ma tana iyawa idan ta sa kanta. Sannan a 2020, da korona ta rufe makarantu, jihohi har da Kano suka ruga rediyo da talabijin da darussa. A lokacin ne kowa ya ga amfanin tashar gwamnati. Amma shiri ne na gaggawa, yawanci malami a tsaye gaban allo, kuma da aka koma aji zafin abin ya huce.

Akwai kuma wani gwaji da Bankin Duniya ya yi a ƙauyukan Kano da Jigawa wanda ya burge ni, don majigi ne ya dawo da sabuwar riga. An tara iyaye aka nuna musu gajerun fina-finai na Hausa a kan amfanin karatun yara, musamman mata. A garuruwan da aka yi haka, yawan yaran da ba sa zuwa makaranta ya ragu da kimanin kashi 42 cikin ɗari. Amma fim ɗin kaɗai bai sa yaran sun iya karatu ba. Sai a inda aka ƙara da wayoyi masu ɗauke da wasannin koyon baƙaƙe da lissafi, da sola na caji, aka ga karatu da lissafi sun ɗaga. Wannan ba labarin Amurka ko Faransa ba ne, a ƙasarmu aka yi shi, da yaranmu.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganganunsu suna da nauyi. Na farko, yaro yana zaune a ƙasa, rufin aji na yoyo, malami ɗaya da yara ɗari, kai kana zancen talabijin? Gaskiya ne, kuma tarihin Nijar da Kwaddibuwa ya riga ya nuna akwati ba ya zama malami. Abin da nake magana a kai shi ne shekarun da ke gaban aji ɗaya, daga uku zuwa shida. Ɗan ma'aikaci a birni yana nazare tun yana shekara uku. Ɗan manomi a Kafin Maiyaki ko Tagwaye, in an yi sa'a akwai rabin aji a firamarensu, in babu sai ranar da aka kai shi aji ɗaya zai fara ganin harafin boko. Tun ranar farko an riga an bar shi a baya. Gina nazare da ɗaukar malamai a kowane ƙauye aikin shekaru ne. Shiri ɗaya mai kyau kuwa, sau ɗaya ake biyan kuɗin yin sa, yara miliyan su kalla, ƙannensu ma su zo su kalla.

Na biyu, tarbiyya. Iyaye da malamanmu suna tsoron abin da akwati ke shigowa da shi, kuma suna da hujja. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yaran nan suna kallo ko mun so ko ba mu so ba. A Kwanar Ɗangora ko kasuwar Tudun Wada, da 'yan kuɗi kaɗan mai tura fina-finai zai cika maka mamori. Wayar uwa tana hannun yaro, yana kallon fim ɗin Indiya mai fassara da katun na faɗa da waƙoƙin TikTok. Ƙofar a buɗe take tuntuni. Abin da ya rage mana shi ne mu sa wani abu mai kyau a ciki, wanda malamanmu na boko da na Islamiyya suka duba, da harshenmu, da sunayenmu, da gaisuwarmu, yaro ya ga akuya da rumbu da tulu irin na gidansu ana ƙirga su.

Na uku, wuta da sigina. Wannan ita ce matsalar 1962 da ta 1985, amma yau ta yi sauƙi. Farantin satalayit ya shiga ƙauyuka, sola ya yi araha, gidajen kallon ƙwallo suna ko'ina kuma da safe a rufe suke. Rediyo na nan a kowane gida. Masu tura fina-finan nan da muke ƙorafi a kansu, su ne hanyar rarrabawa mafi faɗi da Arewa ta taɓa samu. In gwamnati ta yi shiri ta ce kyauta ne, kowa ya kwafa ya tura, cikin wata guda zai kai Zainabi da Dariya, inda eriyar CTV ba ta taɓa kaiwa da kyau ba.

Na huɗu, wai tashar gwamnati bakin gwamna ce kawai. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya, ko wace jam'iyya ke mulki. Maganinsa shi ne kuɗin shirin yara ya zama da layinsa daban a kasafi, da doka a bayansa, da kwamitin malamai da ke kula da abin da ke ciki, yadda sauyin gwamnati ba zai kashe shi ba kuma ba za a cusa hoton kowa a ciki ba. Abin da ya faru da CPB ya nuna ko shekara 58 ba ta hana a yanke kuɗi rana ɗaya, balle abin da babu doka a bayansa.

Kuma ba daga sama za a fara ba. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga ilimin tushe, kuma ta sa kula da ƙananan yara kafin firamare a ciki. A watan Yunin 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Muna da ARTV da Rediyon Kano da SUBEB. Muna da masana Hausa a Jami'ar Bayero, da masu horar da malamai a makarantar Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso. Muna da marubuta, mawaƙa, masu ɗaukar hoto da masu barkwanci a Kannywood da babu kamarsu a Afirka ta Yamma wajen riƙe hankalin mai kallo da Hausa. Abin da ya ɓace shi ne wanda zai zaunar da su a tebur ɗaya ya biya su.

Ga abin da nake ganin ya kamata mu nema, a taƙaice. Shiri na rabin awa kullum, da Hausa, don yara 'yan shekara uku zuwa shida, mai bin manhaja: baƙaƙe, lambobi, launuka, tsafta, gaisuwa da zama da mutane, da ɗan Turanci kaɗan-kaɗan. A yi na rediyo tare da shi. Babu talla a ciki. A bar shi kyauta ga kowace tasha da kowane mai waya. A sa akwati da sola a rabin aji na wasu makarantu, a horar da malamar ajin yadda za ta ɗora a kan abin da aka kalla. Sannan a gwada yara kafin a fara da bayan shekara guda, a faɗa wa jama'a sakamakon, mai daɗi ko marar daɗi. In za a yi gwajin, a fara da nesa: Doguwa, Tudun Wada, Kiru, Bebeji. Shekara sittin ana farawa daga birni ana cewa zai iso mu.

Muna da 'yan majalisar tarayya biyu, na Kiru da Bebeji da na Tudun Wada da Doguwa, muna da 'yan majalisar jiha, da shugabannin ƙananan hukumomi huɗu da sakatarorin ilimi. Lokacin kare kasafin kuɗi na zuwa duk shekara. Wanda ke da hanyar kaiwa gare su, don Allah ya kai musu wannan magana, ya tambaye su nawa aka ware wa shirin yara a tashar da ake biya da harajinmu. Tambaya ce mai sauƙi, kuma amsarta lamba ce.

Hausawa suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba shugabanninmu ikon yin abin da zai amfane su.